Dokin kara na manya: yadda ake kafa guruf ɗin wasan barga a waya ba tare da ya mutu a sati 2 ba

Salamu alaikum jama'a. Tun ranar da na ɗora hoton hirar wasanmu a sitatus mutane suka dame ni da tambaya, wai wane irin wasa ne wannan, wai da gaske doki na saya, har wata antina da ke unguwar Misfala a Makka ta kira tana faɗa wai ina da kuɗin sayen goɗiya amma na kasa biyan bashin baƙala, wato kantin unguwa. Toh Anti ki yi haƙuri, goɗiyar nan a cikin waya take. Wasa ne na rubutu, kowa yana ɗaukar mutum ɗaya da doki ɗaya ya zama shi, a haɗu a barga ɗaya ta ƙirƙira, kai ka rubuta abin da naka ya yi, wani ya ɗora daga inda ka tsaya, a haka labari yake ta miƙewa wata da watanni. Wanda ya taɓa hawan dokin kara yana yaro yana haniniya da bakinsa ya riga ya san wasan, bambancin kawai yanzu da gemu muke yi.

Ni a Jidda nake zaune amma na yi shekara 3 ina aikin sayis, wato ɗan barga, a wani isɗabil (bargar dawaki) a wajen Riyad, kwasar kashi da wanke dawaki da ɗaukar ciyawar barsim, shi ya sa nake da ɗan abin faɗa. Kuma guruf ɗina na farko mutuwa ya yi murus, daga nan na koyi duk abin da zan rubuta.

Mataki na farko: ku yanke wace irin barga ce, kuma a ina take

Kar ka fara da tara mutane. Fara da wuri. Mu a na farkon nan cewa kawai muka yi "wasan dawaki", sai ga wani ya shigo a matsayin yarima mai jirgi, wani barden sarki da lifidi a zamanin da, wata kuma dokinta yana da fukafukai wallahi, kowa da nasa duniyar babu wanda zai iya magana da wani. Sati 2 shiru kake ji.

Ka zauna da mutum 2 ko 3 da ka yarda da hankalinsu ku zaɓi abu ɗaya. Ko dai barga ta zamani a nan Saudiyya, ƙaramar istiraha (gidan hutu) mai ɗakin doki 10 a bayan gari wadda take fafutukar shiga sukuwa, ko bargar gidan sarauta a ƙasar Hausa inda akwai shamaki da 'yan barga kuma duk shekara ana shirin hawan sallah, ko ta wani ƙauye a bakin Nilu don 'yan uwanmu na Sudan. Duk wanda kuka zaɓa ku rubuta shi a layi 10 kacal: ɗakuna nawa, rijiya ce ko tanki, ina rumbun abinci, ina turken da ake ɗaure baƙon doki, waye mai gidan, kuma bashin nawa ake bin sa. Eh, bashi. Barga mai kuɗi babu labari a cikinta, amma wadda mai kawo hatsin sha'ir yake barazanar daina kawowa kullum akwai abin rubutawa.

In ta nan Saudiyya kuka zaɓa kun huta don kalandar ta riga ta shiryu: lokacin sanyi ana sukuwa a filin Sarki Abdul'aziz da ke Janadiriyya kusa da Riyad, in zafi ya shigo a koma filin Sarki Khalid a Ɗa'if inda iska take da dama-dama, a watan Fabrairu kuma a yi Saudi Cup da aka fara a 2020, mita 1,800 a kan ƙasa, kyautar dala miliyan 20. Akwai kuma tseren juriya na Al'ula mai kilomita 120 a cikin yashi da duwatsu. Amma ina roƙonku, Saudi Cup ɗin nan ku bar shi ya zama abin da 'yan bargarku suke kallo a talabijin suna ihu, kaman yadda aka yi ihu a 2022 da Emblem Road, dokin da aka horar a nan gida, ya ba kowa mamaki ya cinye. Linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Mataki na biyu: manhaja

WhatsApp kowa yana da shi, matsalarsa komai a tukunya ɗaya yake, labari da gaisuwar Juma'a da sitika da wanda ya turo cigiyar aiki, kuma ka yi kwana 2 ba ka duba ba ka tarar da saƙo 700. Discord ya fi tsari amma da yawan mutanenmu ba su saba da shi ba. Mu Telegram muka tsaya, saboda za ka iya raba guruf ɗaya ɗaki-ɗaki, sabon shiga yana iya karanta abin da ya wuce in admin ya buɗe, sannan yana da ƙwayar lido da zan yi bayaninta a gaba. Ɗaki 5 sun isa: dokoki, rajistar dawaki, barga, filin sukuwa, sai majalisa inda ake surutun duniya. Mutum 8 zuwa 15 ya ishe ku farawa.

Mataki na uku: takardar mutum da takardar doki

Nan ne wasan yake gyaruwa ko ya lalace, don haka zan daɗe a nan.

Takardar mutum gajeriya ce. Suna na ƙirƙira, shekaru, aikinsa a barga, abin da yake so a rayuwa, da abin da yake ɓoyewa. Kar kowa ya zama mahayi. Ana buƙatar sayis, mai horarwa, baiɗari (likitan dabbobi), mai gyaran kofato, dillali, direban motar dawaki, tsohuwar da take kawo abinci ta san sirrin kowa. A wasanmu wadda ta fi kowa suna ita ce mai riƙe littafin kuɗi, ko jaki ba ta taɓa hawa ba a labarin, amma in ta rubuta "babu kuɗin barsim wannan watan" duk guruf ɗin sai ya girgiza.

Takardar doki kuwa sai an natsu. A rubuta ingarma ne ko goɗiya ko duƙushi, shekarunsa, launinsa, asalinsa. A launi ku yi amfani da sunayenmu, akawal shi ne baƙi, kili fari, ga su danda da bidi da hurde da gunya, ku je ku tambayi tsofaffinku su siffanta muku kowanne, za ku sha labari har ku gaji, ni kakana na tambaya sau ɗaya sai da shayi ya huce. A asali kuma in dokin Larabawa ne to Larabawa suna lissafa zuri'a ta wajen uwa, manyan gidajen da aka fi sani su ne Kuhailan, Saƙlawi, Ubayyan, Hamdani da Hadban, kenan duƙushin da uwarsa Saƙlawiyya ce shi ma Saƙlawi ne ko waye ubansa. Ita ƙasar nan rajistar dawakin Larabawa na asali a cibiyar Sarki Abdul'aziz da ke Dirab ake yin ta, mu ma sai muka kwaikwaya muka naɗa admin ɗaya mai rajista, duk dokin da bai sa wa hannu ba babu shi a wasa. 'Yan Sudan su kan kawo ɗan Dongola, 'yan Nijar kuma ɗan Azbin, duk muna karɓa.

Sai maki. Kowane doki maki 20 ake ba shi, mai shi ya raba a gida 4: gudu, juriya, natsuwa, lafiya, kuma babu gidan da zai wuce 7. Ka zuba 7 a gudu 7 a juriya, toh saura 6 ka raba wa natsuwa da lafiya, ka samu doki mai gudu kaman iska amma leda ta gifta ya yi tutsu ya kayar da kai, kuma duk wata yana hannun baiɗari. Haka ake so.

Doka mafi girma a wajena: dole kowane doki ya zo da aibi ɗaya a rubuce. Yana cizo in ana ɗaure masa bauji, ko ba ya shiga mota, ko yana tsoron raƙumi, ko ya iya buɗe sakata da leɓe ya je ya sace dusa. Akwai wani jan doki a isɗabil ɗin da na yi aiki, in ka ɗora sirdi sai ya kumbura ciki ya yi lamo kaman mutumin kirki, ka ɗaure ka ɗauka ya yi tsam, kana sa ƙafa a likkafa ya saki numfashi sirdin ya juya da kai ƙasa, sai da na sha ƙasa sau 2 na koyi ɗaurewa kaɗan, in ja shi ya ɗan taka, in dawo in ƙara ja. Irin wannan abun shi ke sa mai karatu ya ji warin barga ta cikin waya.

Mataki na huɗu: lokaci da kuɗi

Mu mun sa sati 1 na gaske ya zama wata 1 a wasa. Goɗiya tana ɗaukar ciki kusan wata 11, kenan sati 11 za ka jira, babu cewa an yi barbara yau jibi ta haihu. Duƙushi yana miƙewa tsaye cikin awa 1 zuwa 2 da haihuwa, a yaye shi wajen wata 4 zuwa 6, kuma mun ce ba a hawansa sai ya shekara 3, wato sati 36 kenan, sama da wata 8 kana rainon abin da ba za ka hau ba. Mutane sun yi ƙorafi da farko amma ranar da aka fara ɗora wa duƙushinmu na farko sirdi har waɗanda suka daina leƙowa sai da suka dawo kallo. Kofato ana gyara shi duk sati 6 zuwa 8 a gaske, mu sai ya kama duk sati 2 namu.

Kuɗin wasa mun sa masa suna wuri, don kar wani ya ruɗe ya ɗauka riyal ne. Kowa yana samun wuri 100 a sati in ya rubuta aikinsa, cin doki 40, kofato 15, baiɗari ya danganta da ciwon, ku kuna iya sa naku farashin. Amma kuɗin gaske kar ya taɓa shiga, ko na katin waya, ko "wanda dokinsa ya ci a tura masa riyal 10". Caca ce, haramun ce, kuma ƙasar nan ko a filin sukuwa na gaske ba a yin ta. Duk wanda ya kawo wannan maganar a yi masa gargaɗi sau ɗaya.

Mataki na biyar: yadda ake rubutun kansa

Abin da mutuminka ya yi ka rubuta shi kai tsaye, maganarsa a cikin alamar zance, in kuma kai ɗin gaske ne kake magana sai ka fara da // don a bambance. Layi 3 zuwa 8 ya isa, kuma ka bar ƙofa a buɗe don na bayanka ya samu abin kamawa. Ga misali irin na asuba:

Sayis ya shigo bayan sallar asuba da bokiti a hannu, duk dawakin suka leƙo da kai suna gurnani sai Guguwa kaɗai. Ya tura ƙofarta, abincin jiya yana nan ba ta taɓa ba, ɗakin kuma babu kashi ko ɗaya, tana ta tonon ƙasa da ƙafar gaba tana waiwayen cikinta. Ya janye kwanon abincin da sauri ya leƙa waje. "Kai yaro, ruga ka taso baiɗari, ka ce masa ciki ne!"

Kun ga bai rubuta cewa yaron ya ruga ba, bai rubuta baiɗari ya zo ba, bai ce ta warke ba, duk wannan na masu su ne. Babban laifi a wasan nan shi ne ka motsa mutumin wani ko dokin wani, irin "na daka masa tsawa ya tsorata ya ba ni haƙuri", wa ya ce maka ya tsorata? Kai dai ka daka tsawarka ka jira.

Kuma abin da ke cikin misalin gaskiya ne, doki ba ya iya amai, shi ya sa ciwon ciki yake kashe shi, alamominsa kenan har da kwanciya yana birgima, abin yi a cire abinci a kira likita. Ku riƙe irin waɗannan a ɗakin dokoki don rubutu ya yi ma'ana: doki yana cin kusan kashi 2 cikin 100 na nauyinsa a rana, mai kilo 400 kenan wajen kilo 8, mafi yawa ciyawa ko harawa ko barsim, hatsi kaɗan-kaɗan ake ba shi kuma ba a canja abinci rana ɗaya. Ruwa lita 25 zuwa 50, a zafin Riyad ya fi haka. Ta hagu aka saba hawa, ba a tsayawa daf da bayansa sai mai neman harbi, kuma in an dawo daga kilisa ko sukuwa sai an taka da shi ya huce kafin a mayar da shi ɗaki. Wanda ya rubuta ya yi sukuwa da azahar a watan Yuli na awa 3 ya dawo dokin yana rawa, admin ya sa wa dokin nan ciwo, kar a ji tausayi.

Maganar yare kuma, ku sassauta. Yaranmu da aka haifa a Makka da Madina da yawa Hausarsu a baki take, boko bai zauna musu ba, wani da haruffan Larabci zai rubuto, wani rabi da rabi, "yalla ka kawo sirdin, mafi mushkila". Mu mun ce labari da Hausa, maganar baki kuma yadda ta zo, kuma an hana yi wa kowa dariyar rubutu. Akwai wata ƙanwarmu da ta shigo ba ta iya haɗa layi 2 ba, yanzu ita take gyara wa 'yan Kano ƙa da ɗa.

Mataki na shida: ranar sukuwa

In ka bar wa mutane su rubuta wanda ya ci, kowa dokinsa ne zai ci, har a yi zage-zage. A Telegram in ka tura alamar ƙwayar lido ita kaɗai sai ta juya ta tsaya a kan lamba 1 zuwa 6, kowa yana gani kuma babu mai iya murɗa ta. Gajeren tsere: jifa 3, a tara, a ƙara makin gudu. Wanda ya yi fostin ɗin horo aƙalla 3 a satin ya samu ƙarin 2, wanda bai biya mai kofato ba a cire masa 2. In 1 ta fito maka a jifar farko sai a duba natsuwa, in ba ta kai 4 ba dokinka ya yi gardama a wurin tashi. Bayan an gama lissafi ne kowa zai rubuta yadda tseren ya kasance masa, wanda ya zo na ƙarshe ma ya rubuta, kuma sau da yawa nasa ya fi daɗi.

Tseren juriya ya fi armashi a ganina don ana yin sa zango-zango, kuma a na gaske bayan kowane zango likitoci suna duba dokin, sai bugun zuciyarsa ya sauko 64 a minti kafin a bar shi ya ci gaba, in yana ɗingishi an cire shi ko da shi ne a gaba. Mu mai wasan baiɗari shi yake jefa lidon dubawa a haɗa da makin lafiya, kuma hukuncinsa ba a ɗaukaka ƙara. Ranar da ya cire dokin babban admin, wato ni, na yi kwana 2 ina cika ina batsewa amma na bi.

Lokaci kuma ku lura, Saudiyya tana gaban Najeriya da Nijar da awa 2, tana gaban Sudan da awa 1, mu daren Juma'a bayan isha'i muke yi tunda Asabar hutu ce a nan, a lokacin 'yan gida sun idar da magariba ko suna daf. Sau 2 a wata ya isa.

Mataki na bakwai: mutane, wanda shi ne mai wuyar

Dawakin ba sa ba ni wahala, masu su ne. Soyayya za ta shigo ko kun so ko ba ku so ba, toh ku sa iyaka tun ranar farko: a labari ana iya neman aure a kai gaisuwa, amma babu batsa, kuma abin da aka yi a wasa ba lasisi ba ne na bin yarinya ta bayan fage. Wanda aka kawo ƙararsa da shaida a fitar da shi ba tare da dogon zama ba. Ku sa admin mace aƙalla ɗaya don akwai ƙorafin da ba za a kawo wa namiji ba. In akwai yara 'yan ƙasa da 18 gara a yi musu nasu daban wanda iyaye suka sani.

Kar a tambayi kowa sunansa na gaske, unguwarsu, wajen aikinsa, balle maganar iƙama (takardar zama) ko kafili (uban gidan da ya tsaya masa), kun dai san yanayin zaman wasunmu a nan ba sai na buɗe ba. Masu aiki a isɗabil na gaske kar ku ɗauki hoton dawakin mai gida ku ɗora ba da izininsa ba, na ga wanda wannan ya raba da aikinsa. Zane ko siffantawa da baki ya wadatar.

Sai masu ɓacewa. Wani shagala ta riƙe shi, wani jarabawa, lokacin aikin Hajji kuwa rabin 'yan Makka da Madina ba ka ganinsu don hidimar alhazai, 'yan uwanmu na wajen Mai Wurno da Gadarif a Sudan kuma tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 sai ka ji mutum ɗif na makonni babu netwok. Dokarmu ita ce wanda ya yi sati 2 shiru, sayis ya ci gaba da ciyar da dokinsa a kan bashi, ba a hawa, ba a sayarwa, ba a kashe shi a labari. In ya dawo ya tarar da abinsa ya yi ƙiba ya biya a hankali. Da azumi ma mukan dakatar da agogon wasa gaba ɗaya, a bar majalisa kawai a buɗe, sai bayan sallah a yi hawa na musamman kowa ya siffanta kwalliyar dokinsa tun daga jalala har tunjimi da alkyabbar mahayi.

In kun ga barga ta yi sanyi kwana 3 babu mai rubutu, kar admin ya shigo yana "ina kuke ne jama'a", babu mai amsawa. Ya shiga ɗakin barga ya rubuta cewa an wayi gari an tarar da sakatar rumbu a buɗe, buhun sha'ir ɗaya ya yi rabi, kuma ga sawun kofato ya nufi ɗaki na 4. Mai dokin ɗaki na 4 zai fito cikin minti 10 yana rantsuwa, baiɗari kuma dole ya taso don dokin da ya cika ciki da hatsi haka yana cikin haɗari.